Wai da gaske harsashin yaro ɗaya ne ya jawo Yaƙin Duniya na Ɗaya?

Abba Ƙofar Sauri: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Jiya bayan isha'i gardama ta kaure a majalisarmu, har mai shayi ya kwashe kofunansa ba mu tashi ba. Wani ya kafe a kan cewa mutum ɗaya ne ya jawo Yaƙin Duniya na Ɗaya, wato yaron da ya harbe yariman Ostiriya. Ni kuma na ce hankali ba zai ɗauka ba, a kashe mutum biyu sannan sojoji wajen miliyan tara su bi bayansu. Abin da ya tado maganar, ana ta yaɗawa a TikTok wai na ukun ya ƙarato. Malam Sada, don Allah a raba mana gardama.

Lawal Mai Taki: Kuɗi ne, Abba. Duk yaƙin da ka gani ka bi sawun kuɗi, za ka iske mai shi.

Malam Sada: Wa alaikumus salam. Abba, kai da abokin gardamarka kowa ya riƙe ƙafa ɗaya ta akuyar. Bari in fara da abin da ya faru.

Ranar 28 ga Yuni 1914 Franz Ferdinand, mai jiran gadon sarautar Ostiriya da Hangari, ya kai ziyara Sarayebo, babban birnin Bosniya. Shekara shida kafin nan, a 1908, Ostiriya ta haɗiye Bosniya, alhali Sabiyawa na ganin ƙasar 'yan uwansu ce. Ranar da aka zaɓa ma ranar juyayi ce gare su, ranar da suke tuna karonsu da Turkawa a Kosobo a 1389. Samari suka jeru a bakin hanya da makamai. Ɗaya ya jefa bam, ya kuskure, ya raunata na motar baya. Da an tsaya nan da shi ke nan. Daga baya yarima ya ce sai ya je asibiti duba waɗanda suka ji ciwo, direba ya yi kwanar da ba ita ba, aka ce masa ya tsaya ya juya, ya tsaya daidai gaban Gavrilo Princip, ɗaya daga cikin samarin, ɗan Sabiyawan Bosniya mai shekara 19. Harbi biyu, yarima da matarsa Sophie.

To amma ga tambayata gare ku. A 1898 wani ɗan Italiya ya soke matar sarkin Ostiriyar nan dai a Janeba, ta mutu. Ostiriya ba ta yaƙi Italiya ba. A 1900 an kashe sarkin Italiya, a 1901 an harbe shugaban Amurka McKinley. Ba wanda ya tara runduna. Me ya sa na 1914 ya bambanta?

Abba Ƙofar Sauri: Allah ya gafarta Malam, ka ga abin da nake gaya musu ke nan.

Malam Sada: Kar ka yi saurin murna, ban ce ka ci gardamar ba tukuna.

Lawal Mai Taki: Malam ai na ba da amsa tun farko. Turawan nan rabon ganima ya haɗa su faɗa. Sun zauna a Balin 1884 zuwa 1885 sun shata yadda za su yanka Afirka kamar naman watanda. Ingila da Faransa suka kwashe tsoka, Jamus da ta zo a makare ta samu Kamaru da Togo da Tanganika da Namibiya. Wanda aka ba ƙashi shina kallon mai tsoka, mi kake jira in ba faɗa ba? Ni ɗan kasuwa ne, na san idon wanda aka hana rumfa.

Injiniya Nura: Alhaji Lawal, in da rabon Afirka ne ai da Ingila da Faransa ne za su fara gwabzawa. Su ne suka yi cirko-cirko a Fashoda, a bakin kogin Nilu, 1898, saura ƙiris. Amma shekara shida bayan nan suka sasanta, a 1914 kuma ga su a sahu ɗaya. Ta ina kuɗin ya bi?

Ɗan Kwangwalam: Sasantawar da Injiniya ya ambata, mu nan Daura a jikinmu take. A yarjejeniyar 1904 ɗin ce Ingila ta yarda a gyara iyaka tsakanin Kwara da tafkin Cadi, don Faransa ta samu hanya mai ruwa zuwa Damagaram. Mutum biyu suna neman shiri a Landan, sai aka ja layi a gonakin kakanninmu. Yau in zan je gaida gwaggota a Matamaye sai na tsaya a shinge.

Hajiya Rabi Daura: Wallahi kuwa. Ana biki a wani gida, ana yanka kazar maƙwabta.

Lawal Mai Taki: To ai kun dawo maganata. Ciniki ne.

Malam Sada: Alhaji Lawal, kana da gaskiya rabi. Rikicin mulkin mallaka ya ɓata zukata, musamman na Maroko. A 1905 sarkin Jamus Wilhelm na Biyu ya sauka Tanja da kansa don ya tsone wa Faransa ido, a 1911 kuma Jamus ta tura jirgin yaƙi Agadir. Duka biyun an kashe wutar a teburi. Na biyun ma da ƙasar Afirka aka biya, Faransa ta yanka wa Jamus wani yanki na Kwango aka liƙa a Kamaru. Ka ga in dai a kan ƙasarmu ne, Turawa sun iya sulhu, tunda ba daga aljihunsu ake biya ba. Kuma 'yan kasuwa da masu bankunan Landan ba su so yaƙin ba, domin Jamus na cikin manyan abokan cinikin Ingila. Kai kanka, za ka so a ƙona kasuwar da mai bin ka bashi da wanda kake bi duk suke ciki?

Lawal Mai Taki: A'a, wannan kam ba ni so.

Injiniya Nura: Ni dai a daina kwana-kwana. Jamus ce. Ita ta ce wa Ostiriya a farkon Yuli, je ki yi wa Sabiya abin da kika ga dama, ina bayanki. Wuƙa da nama ta miƙa mata. Ita ta shelanta yaƙi a kan Rasha ranar 1 ga Agusta, a kan Faransa ranar 3, ta kutsa Beljiyam ranar 4, ƙasar da ba ruwanta, wadda Furushiya, daular da ta jagoranci haɗa kan Jamus, da kanta ta sa hannu tun 1839 cewa ba za a taɓa ta ba. Wanda ya tsallaka katangar maƙwabci da takobi ba ya cewa ƙaddara ce.

Hajiya Rabi Daura: Injiniya, shi wanda ya ba yaron bindiga fa? Na ji an ce daga Sabiya aka ba su makaman, ta hannun wasu hafsoshin soja. In an kashe ma magaji, aka gano bindigar daga gidan maƙwabcinka ta fito, shiru za ka yi?

Injiniya Nura: Hajiya, ba shiru ba. Amma dubi yadda aka yi. Sai da aka kwashe kusan wata guda, ranar 23 ga Yuli, sannan Ostiriya ta miƙa wa Sabiya sharuɗɗa goma da wa'adin awa 48. An rubuta su ne yadda ba za su karɓu ba. Duk da haka Sabiya ta amince da kusan duka, ta tsaya a kan cewa jami'an Ostiriya ba za su shigo cikin ƙasarta su yi bincike ba. Shi kansa Wilhelm da ya karanta amsar ya ga dalilin yaƙi ya kau. Amma ranar 28 ga Yuli Ostiriya ta shelanta yaƙi. Mai neman haƙƙin jini daban, mai neman dalili daban.

Malam Sada: Abin da Injiniya ya faɗa haka yake, ba na ja. Laifin Jamus da Ostiriya ya fi na saura nauyi a watan nan. Sai dai gano mai laifi bai gaya mana abin da ya sa ya yi ba. Mutum ba ya faɗawa rijiya da gangan sai in ya ga abin da ke bayansa ya fi rijiyar muni. Ku bi su ɗaya bayan ɗaya ku ga abin da kowa ke jin tsoro.

Ostiriya daula ce mai ƙabilu fiye da goma, Jamusawa, Hangariyawa, Cek, Folan, Kurowat, Sabiyawa da sauransu, kowa na ja. Sabiya kuma ta fito daga yaƙe-yaƙen Balkan na 1912 da 1913 ƙasarta ta kusa ninkawa. Manyan Biyana, babban birnin Ostiriya, suka ga in ba a murƙushe ta yanzu ba, ɗan hakin nan shi zai tsone musu ido, ƙabilunsu su watse.

Rasha kuwa Japan ta kunyata ta a 1905. A 1908 da aka haɗiye Bosniya ta yi kurari, Jamus ta zare mata ido, ta ja da baya. In ta sake barin Sabiya a karo na biyu, wa zai ƙara ɗaukarta babbar ƙasa?

Faransa tana da tabon 1871, lokacin da aka ci ta da yaƙi aka ƙwace mata Alsas da Loren. Ta san ita kaɗai ba ta iya wa Jamus, don haka duk abin da zai raba ta da Rasha mutuwa ne gare ta.

Jamus ita ce abin mamaki. Ta fi kowa ƙarfin soja a ƙasa, ƙarfen da take narkawa a 1913 ya ninka na Ingila har da ɗoriya, amma ta fi kowa firgita. Bismarck, wanda ya haɗa kanta a 1871, duk dabararsa ita ce kar Faransa da Rasha su haɗa kai. Wilhelm ya sallame shi a 1890, ya bar yarjejeniyar da ke tsakaninsu da Rasha ta mutu. Kafin 1894 ta ƙare Faransa da Rasha sun ƙulla ƙawance. Gaba kura, baya siyaki. Ga Rasha na shimfiɗa layin dogo da bashin Faransa, ta fara shirin faɗaɗa runduna da zai kammala a 1917. Janar-janar ɗin Jamus suka yi lissafi: yau za mu iya, nan da shekara uku ba za mu iya ba.

Wannan lissafin shi ne dafin. Kowa a cikinsu ya ga jira asara ne.

Ustaz Bishir: Malam, abin da ka zayyana ai shi ne girman kai da son duniya, sai dai an sa masa kwat. Sarakunan nan fa 'yan uwa ne.

Malam Sada: Ƙwarai, Ustaz. Wilhelm na Jamus da Joji na Biyar na Ingila jikokin Sarauniya Biktoriya ne. Joji da Nikolas na Rasha kuma iyayensu mata ciki ɗaya suka fito, 'ya'yan sarkin Denmak. A kwanakin ƙarshe na Yuli Wilhelm da Nikolas suna ta aika wa juna waya da Turanci, suna sa hannu da sunayensu na gida, kowa na roƙon ɗan uwansa ya tsayar da abin. Ba wanda ya iya.

Abba Ƙofar Sauri: Nan ne ban gane ba. Sarki ne fa mai cikakken iko. In ya ce a tsaya wa zai ƙi?

Sajan Mai Ritaya: Yaro, bari in shigo nan, don wannan aikinmu ne. Ku farar hula kuna zaton runduna kamar mota ce, a taka burki ta tsaya. Sojan wancan zamani yawancinsu suna gida, manoma ne da maƙera da suka yi horo aka sallame su. In aka buga gangami sai kowa ya bar gona ya nufi bariki, a ba shi kaki da bindiga, a zuba shi a jirgin ƙasa. Mutum miliyoyi, da dawakinsu, da harawar dawakin, da igwa, da abinci. Kowane tarago an rubuta mashi ranar tashi da tashar da zai sauka tun shekaru kafin nan. Ka taɓa ɗaya, ka rikita dubu.

To in maƙwabcinka ya fara loda nashi jiragen kai kana zaune kana shawara, kwana uku kawai ya riga ka, kafin ka ɗaura takalmi yana ƙofar gidanka. Shi ya sa da Rasha ta buga gangamin gaba ɗaya ranar 30 ga Yuli, Jamus ta ɗauka an riga an fara.

Malam Sada: Allah ya ƙara girma, Sajan, ka sauƙaƙa mini. In ƙara da abu biyu. Nikolas ya so a tara runduna a iyakar Ostiriya kawai don kar a tsokano Jamus, ya ba da umarni ya janye, janar-janar suka ce hakan zai wargaza tsarin, ya sallama. Wilhelm shi ma ranar 1 ga Agusta ya ce wa babban hafsansa Moltke a juya rundunar gabas a ƙyale Faransa, Moltke ya ce ba zai yiwu ba. Dalili, Jamus shiri ɗaya tak take da shi, wanda ake jingina wa tsohon babban hafsanta Schlieffen: a bi ta Beljiyam a gama da Faransa cikin mako shida, kafin Rasha mai nauyin jiki ta kimtsa, sannan a juyo. Wato an yi kisa a Bosniya, amma babban harin farko na Jamus sai ya faɗa kan Beljiyam. Shi kuma ya ba Ingila dalilin shiga ranar 4 ga Agusta. Daga shelar Ostiriya zuwa shigar Ingila mako ɗaya ne cif.

Mako shidan nan kuwa ya tsaya a kogin Marne na Faransa cikin Satumba, aka haƙa ramuka, aka shekara huɗu a ciki.

Injiniya Nura: Ingila ma kar a wanke ta tas. Beljiyam hujja ce ta gaban jama'a. Abin da ke cin ta shi ne jiragen ruwan yaƙin da Jamus ta fara ƙerawa tun 1898. Tsibiri ce, abincinta ta teku yake zuwa. A 1906 ta fito da sabon jirgi, Dreadnought, wanda ya mai da duk na baya tsofaffin yayi, har da nata, aka koma rige-rige daga farko. Kuma da ta fito fili tun tsakiyar Yuli ta ce in kun taɓa Faransa da ni kuke, wataƙila da Balin ta sake tunani.

Hajiya Rabi Daura: Ashe ɗazu Jamus ce kaɗai, yanzu an samu ta biyu.

Injiniya Nura: Hajiya, mai laifi ɗaya ne, masu sakaci ne da yawa.

Ɗan Kwangwalam: Ni fa tun da aka ambaci wa'adin awa 48 gabana ke faɗuwa, don mun ga irinsa da idonmu. An yi juyin mulki a Yamai 26 ga Yuli 2023. Ranar 30 ga wata ECOWAS ta zauna a Abuja ta ba da mako ɗaya. Kashegari Mali da Burkina Faso suka ce wanda ya taɓa Nijar ya taɓa su. Ga Faransa da sojojinta a Yamai, ga Amurka da sansaninta a Agadas, ga masu zanga-zanga da tutar Rasha. Duk kayan miyar da Malam ya lissafa sun haɗu: wa'adi, ƙawance, manya a bayan fage. Mu da ke bakin iyaka mun san yadda muka kwana a makon nan.

Lawal Mai Taki: Kar ka tuna mani. Motoci sun yi layi a Jibiya, albasa ta ruɓe a cikin buhu ana kallo. Wata bakwai da wani abu kafin a buɗe iyaka daga ɓangarenmu.

Shugaban Zaure: Jama'a a yi hattara, tarihi muke, kar a gangara siyasar jam'iyya.

Ɗan Kwangwalam: Ranka ya daɗe ba siyasa ba ce, tambaya ce. Me ya sa namu bai tashi ba?

Malam Sada: Tambaya mai kyau, kuma a ganina amsarta na haska 1914. Wa'adin ya cika ba abin da ya tashi da kansa. Ba jirgin ƙasan da aka rubuta wa ranar tashi. An samu sarari, Majalisar Dattawa ta ce a bi ta sulhu, Janar Abdulsalami da Sarkin Musulmi suka je Yamai, malamai suka je. Jihohi bakwai ke iyaka da Nijar, ba gidan da ba shi da dangi a tsallake, mutane suka yi magana aka ji. Turai a 1914 abin da ta rasa ke nan, kwanaki. Ministan harkokin wajen Ingila, Edward Grey, ya nemi a zauna taro, kafin a gama amsa masa igwa ta fara faɗawa Balgired, babban birnin Sabiya.

Amma kar mu kai kwatancen inda bai kai ba. Nijar da Najeriya ba manyan dauloli ba ne masu tsoron ɗaya zai shafe ɗaya.

Abba Ƙofar Sauri: To na yanzu fa, Malam? Amurka da Sin, Rasha da NATO. Wani malaminmu ya ce duk lokacin da sabon ƙarfi ya taso ya tarar da tsoho, sai an yi yaƙi.

Malam Sada: Tsohuwar magana ce, tun zamanin Girkawa ake yin ta a kan Atina da Sparta. Tana da ƙamshin gaskiya, Jamus da Ingila misali ne. Amma Amurka ma ta taso ta wuce Ingila a arziki a daidai wannan lokacin, ba su yi yaƙi ba. Saboda haka ba farilla ba ce.

Ni abin da nake dubawa ba wa ya fi wa ƙarfi ba. Ina duba ƙaramar ƙasar da babba ya rataya mutuncinsa a wuyanta, kamar Sabiya jiya, kamar Taiwan ko ƙasashen Baltik yau. Sannan ina duba ko akwai wanda ya fara cewa gara yau da gobe. In waɗannan biyun suka haɗu, sai a yi ta addu'a kar direban wani ya yi kwanar da ba ita ba.

Sajan Mai Ritaya: Kuma lokacin da ake da shi ya ƙara ƙanƙancewa. Su na 1914 kwanaki gare su. Makami mai linzami daga wata nahiya zuwa wata, wajen rabin awa ne.

Injiniya Nura: Amma shi nukiliyan ne ya hana, Sajan. A 1914 sun shiga suna murna, suna cewa kafin Kirsimeti an dawo gida. Yau ba shugaban da ke zaton zai ci riba. Dubi Kyuba a Oktoba 1962, kwana 13 ana kallon-kallo, Khrushchev ya kwashe makamansa, Kennedy ya yi alkawarin ba zai mamaye Kyuba ba, a asirce kuma ya yarda zai janye nasa daga Turkiyya. Shekarar da ta biyo baya suka ja layin sadarwa kai tsaye tsakanin Washintan da Mosko.

Ustaz Bishir: Wato tsoro ya jawo na farko, tsoro kuma ya hana na uku. Injiniya, wannan katangar ba ta kwantar mini da hankali ba.

Lawal Mai Taki: Ni ko ba a kira shi na uku ba na riga na ɗanɗana. Tun da Rasha ta shiga Yukiren a Fabrairu 2022 buhun taki ya tashi, fulawa ta tashi, manomin Batsari da bai san inda Kiyef take ba shi ya biya.

Hajiya Rabi Daura: Malam, ba a taɓo na biyun ba, yaƙin Hitila. Shi ma haka aka faɗa cikinsa?

Malam Sada: A'a Hajiya, shi daban ne, kuma haɗa su wuri ɗaya na rikita ɗalibai. Na biyun akwai mai nemansa ido buɗe. Yarjejeniyar Basai ta 1919 ta ɗora wa Jamus alhakin ɓarna da biyan diyya, tattalin arzikin duniya ya rushe daga 1929, Hitila ya hau a 1933 a kan wannan ɓacin ran. A Munik 1938 Ingila da Faransa suka bar masa wani yanki na Cekosulobakiya don gudun maimaita 1914, ya karɓa ya ƙara gaba, ya faɗa wa Folan ranar 1 ga Satumba 1939. Masu mulkin yau da wannan suke fama: in sun tsaya kyam a ce za su maimaita 1914, in sun sassauta a ce sun maimaita 1938. Sai bayan an gama ake sanin wanne ne.

Hajiya Rabi Daura: Abin da ya sa na tambaya, akwai wata lamba a cikin adakar kakarmu, ta mahaifinta ce. Kullum ana cewa ya je yaƙin Bature, ba wanda ya san wanne. Ita dai ta ce ya dawo ba ya son ƙarar tsawa.

Sajan Mai Ritaya: Allah ya jiƙan maza. Hajiya, yaya siffarta? In tauraro ce mai tsini shida, ta yaƙin Hitila ce, wataƙila Bama, can aka kai runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma. In kuwa zagayayya ce, sai a duba kan sarkin da ke jiki.

Hajiya Rabi Daura: Zagayayya ce kamar tsohon kuɗi, fara. Gefe ɗaya kan mutum mai gemu, ɗaya gefen wani a kan doki. Ga 1914 ga 1918 a jiki.

Malam Sada: Mai gemun nan Joji na Biyar ne, ɗaya daga cikin 'yan uwan da muka yi magana ɗazu. Kakanku na farkon ya je. A watan Janairun 1914 ne Lugga ya haɗe Arewa da Kudu, wata bakwai bayan nan aka tura sojan Najeriya Kamaru su yaƙi Jamus. An gwabza a Garwa, an yi wa dutsen Mora zobe har sai Fabrairu 1916 kafin na kansa su miƙa wuya. Daga nan aka kwashi wasu a jirgin ruwa zuwa Gabashin Afirka. Waɗanda suke harbi a ɗaya ɓangaren ma yawancinsu baƙaƙe ne, hafsoshin ne kawai Jamusawa. Lokacin Dikko na sarautar Katsina, Abdurrahman na Daura, kuma an ɗebi kuɗi daga baitulmalin sarakunan Arewa an taimaka wa yaƙin. Kura da shan bugu.

Ɗan Kwangwalam: Mutumin Daura a kan dutsen Mora saboda direba ya ɓata hanya a Sarayebo. Abba, je ka gaya wa abokin gardamarka.

Abba Ƙofar Sauri: Ai yanzu ban san ma wa ya ci ba. Shi yaron da ya yi harbin, kashe shi aka yi?

Malam Sada: Ba a kashe shi ba, dokar Ostiriya ba ta yanke hukuncin kisa ga wanda bai cika 20 ba, shi kuma saura 'yan makonni. Shekara 20 aka ba shi. Tarin fuka ya kashe shi a kurkuku a Afrilu 1918, yaƙin bai ƙare ba.

Sajan Mai Ritaya: Hajiya, ki juya lambar ki duba bakinta, can gefen da ke zagaye. Na yaƙin farko ana buga lambar soja da suna da runduna a wurin. In ta yi duhu ki goga da toka da ɗan lemun tsami, a hankali, kar ki kankare.

Hajiya Rabi Daura: Akwai rubutu kuwa, ƙanana ƙwarai. Bari yara su dawo daga islamiyya su karanta mini, idona ba ya gani.